Safiyarka Daren Wani: Yadda Ake Tafiyar da Aikin Manhaja Tsakanin Ƙasashe Masu Nisan Agogo

Mu ɗauki kamfanin da ke da masu rubuta manhaja a wuri uku: Kano, Bangalor ta Indiya, da San Faransisko ta Amurka. Ranar Litinin da ƙarfe 11 na safe aiki ya cije wa na Kano, ya tura wa na San Faransisko saƙo: "Shafin biyan kuɗi ba ya aiki." A can ƙarfe 3 na dare ne. Sai ƙarfe 9 na safensu mutumin ya buɗe kwamfuta, a nan kuwa biyar ta yi, na Kano ya tashi. Amsar da aka bar masa ita ce: "A wace saba, ta gwaji ko ta kwastomomi?" (Saba ita ce kwamfutar da manhajar ke gudana a kanta.) Na Kano ya gani da safiyar Talata, ya amsa. Amsar da yake nema ta iso yammacin Talata, ya karanta safiyar Laraba. Kwana biyu sun tafi a kan maganar da mutum biyu a ofis ɗaya za su kashe cikin minti biyar.

A irin wannan aiki kowace tambaya kwana guda take ci, kuma a kan wannan lissafin aka gina duk matakan da ke tafe.

Ku fara da jera agogon kowa a kan UTC

UTC shi ne agogon da duniya ke auna sauran agogo da shi, ba ya gaba ba ya baya. Najeriya, Nijar, Kamaru da Chadi suna gabansa da awa 1 duk shekara. Ghana daidai take da shi, Sudan na gaba da awa 2, Indiya da awa 5 da rabi. San Faransisko na baya da awa 8 a lokacin sanyinsu, awa 7 a lokacin zafi. Idan kowa na aiki daga 9 zuwa 5, ga yadda abin yake a UTC:

Bangalor: 03:30 zuwa 11:30
Kano: 08:00 zuwa 16:00
San Faransisko: 16:00 zuwa 00:00 daga Maris zuwa farkon Nuwamba, 17:00 zuwa 01:00 a sauran watannin

Kano da Bangalor suna haɗuwa na awa 3 da rabi, daga 9 na safe zuwa 12:30 agogon Kano. Kano da San Faransisko ba su da ko minti ɗaya, ɗaya na rufe ƙofa ɗaya na buɗewa. Tsakanin Bangalor da San Faransisko kuwa awa 12 da rabi ne ko 13 da rabi, wato dare da rana sak.

Wannan ya mayar da na Kano gada. Shi ne ke iya magana da Indiya da safe, in ya ɗan jinkirta tashi ya tarar da Amurka da yamma. Matsayi ne mai daraja, amma yana cinye mutum: a kira shi 9 na safe daga gabas, a sake kiransa 8 na dare daga yamma, a wayi gari yana awa 11 ana biyansa na 8. Tun farko a yanke magana. Ranar da zai kai 7 na yamma, 11 zai fara.

Kada ku tsaya a 9 zuwa 5 na takarda. Kowa ya rubuta ainihin sa'o'insa a shafi ɗaya da kowa ke gani, da lokutan da ba a samunsa, kamar sallar Juma'a ko ɗauko yara daga makaranta.

Ranakun da agogo ke zamewa

Tunda ba a canza agogo a ƙasashenmu, wannan ne ya fi kama mutanenmu ba shiri. Amurka tana tura agogo gaba da awa 1 a Lahadi ta biyu ta Maris, ta mayar a Lahadi ta farko ta Nuwamba. Turai tana yi a Lahadin ƙarshe ta Maris da Lahadin ƙarshe ta Oktoba. A 2025 Amurka ta canza ranar 9 ga Maris, Turai sai 30 ga wata, mako uku ke nan da tazarar Landan da Niyok ta ragu daga awa 5 zuwa 4. Landan kanta daidai take da Kano daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba, sauran watannin tana baya da awa 1. Sidni ta Ostireliya nata a juye yake, a Oktoba take turawa gaba.

Abin da ke jawo rikicin shi ne, taron da ke maimaituwa a Google Calendar ko Outlook yana manne da agogon da aka ƙirƙire shi da shi. In na San Faransisko ne ya saka shi ƙarfe 8 na safensa, a wurinsa ba abin da ya motsa. Amma ranar Litinin ta farko bayan canjin Nuwamba, na Kano zai ga taron 4 ya koma 5, na Bangalor kuma na 8:30 na dare ya koma 9:30. Ku saka waɗannan ranaku huɗu a kalandar ƙungiya, mako guda kafin kowacce wani ya bi tarukan ɗaya bayan ɗaya ya ga wanda ya faɗa wurin da bai dace ba.

Yadda ake rubuta lokaci

"Gobe da safe" da "kafin a tashi yau" ba su da ma'ana a nan. Goben wa? A rubuta rana, wata da haruffa, awa a tsarin 24, da UTC: Talata 4 ga Maris, 15:00 UTC. Kada a rubuta 03/04, don Ba'amurke zai karanta 4 ga Maris, Ba'indiye da ɗan Najeriya su karanta 3 ga Afrilu. A guji gajerun sunayen agogo kuma: IST na iya zama na Indiya, ko Ailan, ko Isra'ila, CST kuma na tsakiyar Amurka ko na Sin.

Saƙon da ba ya buƙatar a dawo da tambaya

Nan ne ake samun ribar ko asarar. Kafin ka danna tura, ka karanta saƙon kamar kai ne wanda zai tashi daga barci ya same shi, kai kuma ba ka nan. Me zai tambaya? Ka amsa tun yanzu. Ga saƙon da na Kano ya kamata ya tura ranar Litinin ɗin nan:

"Barka da safiya. A sabar gwaji, biyan kuɗi da kati yana dawo da kuskure mai lamba 500 tun bayan canjin da aka haɗe ranar Juma'a. A sabar kwastomomi lafiya lau. Matakai: shiga da asusun gwaji, saka kaya biyu a kwando, zaɓi kati, danna biya. Ga hoton allo da layukan da saba ta rubuta. Na gwada da kaya ɗaya, ya wuce. Ina zargin lissafin ragi ne. Hanya biyu na gani: a janye canjin Juma'a gaba ɗaya, ko a kashe ragin kawai. In ban ji daga gare ka ba zuwa Talata 09:00 UTC, zan kashe ragin a sabar gwaji in ci gaba, mayar da shi layi ɗaya ne."

Jimlar ƙarshen ita ce mafi tsada a ciki. Ta ba mai karatu damar yin shiru ba tare da aiki ya tsaya ba. Amma tana da iyaka: ana yin haka ne kawai a kan abin da za a iya warwarewa. Goge shafi a rumbun bayanai, tura wa kwastomomi imel, taɓa kuɗin mutane, canza yadda wata manhaja ke karɓar bayanai daga taku, waɗannan sai an ji "na amince" ƙarara, ko da za a kwana biyu ana jira.

Wani abu da ya shafe mu kai tsaye: gaisuwa. Tarbiyyarmu ba ta yarda ka faɗa wa mutum da buƙata ba sallama, kuma ba wanda ya ce a bar ta. Sai dai in ka tura "Salamu alaikum, ina kwana?" ka tsaya jiran a amsa kafin ka faɗi abin da ya kawo ka, ka sayar da yini guda a kan gaisuwa. Haɗa su a saƙo ɗaya, gaisuwa a layin farko, magana a na biyu.

Ku kuma yi yarjejeniya a rubuce kan saurin amsa, mataki uku ya isa. Saƙon yau da kullum, cikin yinin aiki ɗaya na mai karɓa. Abin da ya tsayar da wani cak, a sa masa alama, a fara da shi da an zauna. Manhaja ta faɗi kwastomomi na kuka, a buga wa mai jiran ko-ta-kwana waya. In babu wannan, sabon ma'aikaci zai riƙa kwana da waya a hannu yana amsa saƙon ƙarfe 1 na dare don kada a ce malalaci ne, sauran kuma su saba da hakan.

Duk shawarar da aka yanke, a kai ta tikitin aikin, wato shafin da ake bibiyar aikin a manhajar Jira ko GitHub, ko takardar da kowa ke iya buɗewa. Hirar mutum biyu a ɓoye ba ma'ajiya ba ce, balle manhajar hira ta Slack, nau'inta na kyauta, da ke ɓoye saƙonnin da suka wuce kwana 90. Kamfanin GitLab, wanda ma'aikatansa ke warwatse a ƙasashe da dama ba tare da ofis ba, ya ɗora aikinsa ne a kan kundin ƙa'idoji da ya buɗe a intanet, inda ake fara rubuta canji kafin a sanar da shi.

Taro: kaɗan, kuma a raba wahalarsa

Taron tsaye na kowace safiya, wato ɗan gajeren taron da kowa ke faɗin inda aikinsa ya kai, ba zai yiwu ba, tunda babu safiyar da ta haɗa kowa. A mayar da shi rubutu: kowa kafin ya tashi ya bar layi uku, abin da ya gama, abin da zai kama, abin da ya tare shi da sunan wanda zai iya buɗe masa.

Taron baki da baki na kowa da kowa, sau ɗaya a mako ya wadatar, minti 45. Ga wuraren nan uku, daga Maris zuwa Oktoba 15:00 UTC ne mafi sauƙi: 8 na safe a San Faransisko, 4 na yamma a Kano, 8:30 na dare a Bangalor. Kun ga wanda ke biyan kuɗin. A riƙa juyawa, wani makon a yi 14:00 UTC, Amurka ta tashi 7, Indiya ta samu 7:30. Al'adar da ke kashe ƙungiya a hankali ita ce hedikwata ta zaɓi lokacin da ya yi mata daɗi, sauran su yi ta haƙuri har su gaji su ajiye aikin.

Ajanda ta fita awa 24 kafin taro. A naɗi bidiyon, amma kada a dogara da shi, ba kowa ne zai zauna kallon minti 45 ba, ga kuma tsadar data. Abin da ake karantawa shi ne taƙaitaccen rubutu: me aka yanke, wa zai yi, zuwa yaushe. Shawarar da ta shafi wanda bai samu halarta ba, a ba ta awa 24 kafin ta zauna.

Kalandar hutu guda ɗaya ce ga kowa: 1 ga Oktoba da 12 ga Yuni na Najeriya, 3 ga Agusta da 18 ga Disamba na Nijar, 26 ga Janairu da 15 ga Agusta da Diwali na Indiya, 4 ga Yuli da Alhamis ta huɗu ta Nuwamba na Amurka. Sallah kuwa sai an yi wa abokan aiki bayani, don ba su saba da hutun da ba a tabbatar da ranarsa sai an ga wata ba. A toshe ranaku biyun da ake tsammani tun wata guda kafin nan. In azumi ya faɗo a lokacin sanyin Amurka, a lura cewa 9:30 na safe a San Faransisko shi ne 6:30 na yamma a Kano, dab da shan ruwa. In akwai abokan aiki a Masar ko Saudiyya, Juma'a da Asabar ne hutunsu, ranakun da kuka haɗa huɗu ne kacal.

Duba kod

Kod shi ne rubutun umarnin da ake gina manhaja da shi, kuma wajen duba shi ne kwanaki ke zubewa ba a ji ba. Ka tura aiki a duba, a dawo da gyara uku, ka gyara, a sake dawowa da biyu, kowane zagaye yini guda. Zagaye huɗu, mako ya ƙare.

Mai turawa: ka yanka aikin ƙanana, abin da bai wuce layi 300 zuwa 400 ba, wanda mutum zai karanta a zama ɗaya. Ka rubuta dalilin canjin, yadda ka gwada, da wurin da kai kanka ba ka natsu da shi ba. Kada ka tashi sai gwajin atomatik ya yi kore, alamar ya wuce lafiya, don babu takaici kamar mai dubawa ya zo ya tarar da ja, ya bar maka "gyara wannan tukuna" ya wuce.

Mai dubawa: ka zube duk abin da ka gani a karo ɗaya, ka bambanta wajibi da son samu. In sauran gyaran ƙanana ne, sunan da bai yi ba ko layin da ya yi tsawo, ka amince tun yanzu ka ce ya gyara ya haɗe da kansa. Ƙa'idar duba kod da Google ya wallafa ta sa yinin aiki ɗaya a matsayin iyakar jinkirin amsa, kuma ta ba da shawarar irin wannan amincewar musamman idan agogo ya raba mutane. Na Bangalor ya duba aikin Kano kafin 11:30 UTC, na Kano ya samu sauran yininsa ya gyara. In ya bari sai washegari, an rasa zagaye.

Yadda aka raba aikin ma yana da hannu. In masu rubutu na gari ɗaya, masu gwaji na wani, mai amincewa na na uku, kowane ɗan canji sai ya zaga duniya. Ya fi a ba kowane wuri ɓangare sukutum, misali biyan kuɗi na Kano, bincike na Bangalor, su rubuta su gwada su saki. A fayil ɗin CODEOWNERS kuma, inda ake rubuta masu alhakin kowane sashe na kod, kowane ɓangare ya samu aƙalla mutum biyu masu ikon amincewa, a agogo biyu daban. Sannan kowa ya riƙe aiki na biyu a gefe, wanda zai juya kansa in na farko ya tsaya jira.

Akwai tsohon mafarkin nan na cewa aiki zai riƙa bin rana, wannan ya ajiye wancan ya ɗauka, a yi awa 24 ba tsayawa. A kan sabon aiki mai buƙatar tunani da wuya ya yi tasiri, domin abin da ke kan mutum ba ya shiga takarda duka. Inda yake amfani shi ne farautar matsala mai zafi da gadin saba.

Miƙa aiki, saki, da jiran ko-ta-kwana

In za ka miƙa, ka fara tura reshenka, wato kwafin kod ɗin da kake aiki a kai, zuwa GitHub ko da bai kammala ba. Kod ɗin da ke kan kwamfutarka kana barci, tamkar babu shi ne. Sai takardar miƙawa: inda na tsaya, abin da na gwada bai yi ba da dalili, abin da nake zargi, abin da kada a taɓa. Layin "na gwada bai yi ba" ne aka fi mantawa, shi ne kuma ke hana na gaba ɓata awa uku a ramin da ka riga ka fita.

Kada a saki sabon kod sai wanda ya rubuta shi yana da aƙalla awa 2 a gaba kafin ya tashi. Ƙarfe 4 na yammacin Juma'a a San Faransisko, a lokacin zafinsu, 12 na dare ne a Kano, 4:30 na asubahin Asabar a Bangalor. Duk abin da ya fashe a lokacin, ba mai kama shi. Sabon abu ya fita da makunninsa, yadda wanda bai san kod ɗin ba zai iya kashe shi. Kuma duk mai gadi yana da ikon komawa tsohon zubi ba tare da neman izini ba.

Gadin ana iya raba shi ba wanda ya kwana zaune: Bangalor 01:30 zuwa 09:00 UTC, Kano 09:00 zuwa 17:00, San Faransisko 17:00 zuwa 01:30. Kowace ƙararrawa ta zo da takardar matakai. A tabbatar mai gadi yana da izinin shiga saba tun kafin ranarsa, a gwada a gani, domin matsalar da aka fi yawan samu ita ce ya san gyaran amma mabuɗin na hannun mai barci. Na Kano kuma ya tanadi batir ko inbata da layin data na kamfani biyu, a kuma naɗa masa mataimaki a wata ƙasa. Ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin intanet na ƙarƙashin teku da dama sun lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, ƙasashe da yawa suka shiga matsala lokaci guda, irin ranar da layi na biyu ma ba lallai ya cece ka ba.

Agogon da ke cikin manhajar kanta

Saba ta zauna a UTC. Abin da ya riga ya faru a ajiye shi a UTC, da tsarin ISO 8601, kamar 2025-03-04T15:00:00Z, sai wajen nunawa a juya shi zuwa agogon mai kallo. A rumbun bayanai na PostgreSQL nau'in timestamptz ne ke yin wannan.

Abin da zai faru nan gaba kuwa, kamar alƙawarin ganin likita ƙarfe 10 bayan wata shida, a ajiye lokacin gari tare da sunan yankin: Africa/Lagos, Asia/Kolkata, America/Los_Angeles. Dalili, gwamnatoci na canza doka. Masar ta dawo da canjin agogo a 2023. A Maris na shekarar Labanan ta ɗage nata ana saura 'yan kwanaki, ƙasar ta yi kwanaki da agogo biyu. Maroko ta sha mayar da agogo baya da awa 1 a watan azumi. Kundin yankunan agogo na IANA, wanda manhajoji ke dogara da shi, yana bin waɗannan, sai ku riƙa sabunta shi.

Aikin da aka saita ya tashi da kansa 2:30 na dare agogon Amurka, a daren canjin Maris wannan lokacin babu shi, daga 2 ake tsallakawa 3. A Nuwamba kuma 1:30 sau biyu take zuwa. In cire kuɗi ne aikin, ana iya tsallake shi ko a cire sau biyu, gwargwadon manhajar da ke tayar da shi. A saita irin waɗannan a UTC.

Sai rahoton "cinikin yau". Cinikin da aka yi 12:30 na dare a Kano, a UTC 23:30 na jiya ne, shi ya sa lissafin akanta da na manhaja ke saɓawa a ƙarshen wata. A rubuta agogon da "yau" ke nufi a jikin rahoton. Don kama irin wannan tun da wuri, ku gudanar da gwajinku sau biyu, ɗaya da agogon kwamfutar a kan UTC (TZ=UTC), ɗaya a kan na Indiya (TZ=Asia/Kolkata), domin rabin awar Indiya tana tono duk inda aka ɗauka cewa tazarar agogo cikakkiyar awa ce.